Ɗorawar Mairo da Umarnin da Ban Soke Ba

Kafin komai, ku daina kiran Malam Tukur da Ɓata-allo. Ranar sunan ɗan ɗan'uwanku Auwalu na ji ɗayanku ya faɗa, aka kwashe da dariya, ni ma na yi murmushi kamar ban san tushen maganar ba. To a bakina sunan ya fara fita, kuma ƙarya ce. Na daɗe ina kewaye wannan babi, na rubuta muku labarin aikina na malamin gona, na rubuta na Hajji, har labarin jakin kakanku na rubuta don dai kada in iso nan. Yau na iso. Hauwa, ke kin san rabinsa. Sauranku ku zauna ku ji, kuma kada wanda ya ce zai kare ni.

Ku da kuka yi wayo a Kano ba ku san ƙuncin ƙasa ba. A ƙauyenmu babu daji. Gona na jingine da gona tun daga bayan danga har Ɗanbatta, in ka yi tuntuɓe a gonarka a gonar wani za ka faɗi. Iyaka kuwa layin gamba ce, ciyawa, wadda garmar shanu ke iya gutsura kaɗan-kaɗan kowace damina ba wanda ya lura. Sannan akwai abin da baƙo ba ya ganewa: itace ba dole ba ne ya zama na mai gona. Gona taka, kukar da ke tsakiyarta ta wani, kuma ba a rubuta a ko'ina ba sai a kan tsofaffi. Tsoho ya mutu, magana ta bi shi, sai a wayi gari 'yan'uwa ba sa gaisawa. Da na yi ritaya aka naɗa ni magatakardan ƙungiyar manoma, ni na kawo shawarar mu riƙa bin tsofaffi muna ɗaukar muryarsu da hotonsu suna faɗin iyaka da masu itatuwa. Na tsaya a ƙofar gidan dagaci na yi ta cika baki, na ce daga bana ƙarya ta ƙare a garin nan. Ni na faɗa da bakina, mutane suka yi kabbara.

Muna da ƙananan kwamfutocin hannu guda takwas da wasu masu aikin tallafin noma suka bar mana. Mutanen gari suka sa musu suna alluna. Matsalar ita ce manhajar da ke kula da su ta wani kamfani ce, tana son kuɗin shekara, tana kuma son sabis ba yankewa. Da masu tallafin suka kwashe komatsansu, alluna suka kulle kansu, ko ka kunna sai wani rubutun Turanci ya tsaya maka a fuska. Suka yi wata bakwai a cikin akwati, ɓeraye na fitsari a kai. Yayarku Hauwa ce ta zo hutu daga wajen aikinta a Kano ta ce a ba ta su. Ta wanke cikinsu tas, ta zuba musu Linux, wanda ta ce ba shi da mai shi, kowa na iya buɗe cikinsa ya duba ya gyara. Na ce to an gama ke nan. Ta yi dariya.

"Baba, garke ne fa ba makiyayi. Allo takwas a hannun mutum takwas, wa zai san wanda ya yi caji, wanda ya lalace, wanda yara suka cika da finafinai? Sai na nemo wani abin da zai maye gurbin na kamfanin."

Kwana biyar ta yi a ofishinmu, ɗakin nan na kusa da injin niƙa, tana gwaji. Na farkon da ta ɗauko shi ma ɗan son sabis ne, ta yar. Na biyu sai an riƙa rubuta masa umarni dogo-dogo kamar surkullen boka, ta dube ni ta dube shi, ta ce wannan ba na Baba ba ne. Na ukun ne ya zauna. Yana zaune a cikin babbar kwamfutar ofis da ke aiki da sola, ba ya roƙon kowa komai. Duk allon da ya shigo inda waifai ɗin ofis ke kaiwa, wato daga bakin ƙofa zuwa gindin darbejiya, sai ya gaishe da uwar, ya sauke abin da ya ɗauko, ya karɓi umarni. In allo yana nesa, umarnin sai ya zauna yana jira. Da yake abin a buɗe yake, ta zauna ta mayar da duk rubutunsa Hausa saboda mu. Sunan da ta sa masa, Makiyayi, shi ya bi shi. Ranar da za ta koma ta ba ni lambar sirri, ta nuna mini wani jan layi a ƙasan fuskar kwamfutar.

"Wannan na ɓarawo ne, Baba. In an sace allo ka danna. Duk inda ya fara samun sabis, nan ofis ne ko wajen masu gyaran waya a birni, kafin ya ba da komai ko ya karɓi komai zai goge kansa. Ba ya dawowa. Don Allah kada ka ba kowa lambar nan."

Na ce mata, "Ke, ni za ki koya wa amana? Tun ba a haife ki ba nake riƙe da mabuɗin sito."

Allah Ya yafe mini wannan bakin.

Yanzu ku ji maganar ɗorawa. A gonarmu ta Gabas, ta cikin layin gambarmu, akwai wata ƙatuwar ɗorawa da mutum biyu ba sa iya rungumewa. Ku manya kun sha garinta. Tun ina yaro gidan Jatau ne ke kaɗe ta. Jatau ya mutu, ɗansa Ɗan'azumi ya ci gaba, shi ma ya mutu ya bar matarsa Mairo da marayu huɗu. Duk bazara sai ta zo da gora mai ƙugiya ita da 'ya'yanta, su kaɗe, ta sayar da gari, ta dafa kalwa ta yi daddawa. Da daddawar nan ta yi musu sutura, da ita ta aurar da biyu. Ni kuwa a raina alfarma ce ubana ya yi musu, alfarma kuma tana da ranar ƙarewa. Shekarar da na sayi shanun huɗa na auna da ido, na ga inuwar itacen nan tana cinye mini wajen da zai ba da buhunan gyaɗa. Na aika wa Mairo cewa bana ce ta ƙarshe, zan sare. Innarku tana tankaɗe a tsakar gida lokacin da na faɗa, ta ajiye rariya.

"Malam, miyar gidan nan shekara talatin da daddawar Mairo ake kaɗa ta. Gyaɗar ce ba ta ishe ka ba?"

"Ke da me kika sani a harkar gona?"

"Ban san gona ba. Na san marayu."

Na yi tsaki na fita. Kun san ni, in aka ce mini kada, to an zuga ni ke nan.

Mairo ta kai ƙara wajen dagaci. Ta durƙusa ta ce surukinta Jatau ya gaya mata kyauta aka ba shi, ba aro ba. Ni kuwa jin mace ta ambaci sunan ubana a bainar jama'a sai kaina ya ɗau zafi. Na ce wallahi tallahi ubana bai taɓa ba da itacen nan ga kowa ba. Na rantse a kan abin da ban sani ba, kawai don haka nake so ya kasance. Dagaci ya tambaya ko akwai wanda ya rage daga mutanen wancan zamani. Aka ce sai Baba Nomau, shi ma yana kwance wajen 'yarsa a wani ƙauye ta wajen Bagwai, ba ya iya tafiya. Dagaci ya dube ni ya ce ai ga ranar allunanku, a je a ɗauko maganarsa. Aka tura Malam Tukur da allo mai lamba biyar.

Tukur abokina ne tun muna makarantar allo. Shi ya raka ni neman auren Innarku, shi ya yi wa Hauwa huɗuba a kunne ranar da aka haife ta saboda ina wajen aiki a Tofa. Mutum ne mai sanyi, in yana magana sai ka matsa kusa. Shi ya fi kowa iya zama da tsofaffi, don ba ya katse su. Ranar kasuwar Ɗanbatta ina rumfar masu iri sai ga shi ya sauko daga mota da jakarsa. Ya ja ni bayan rumfa, ya ce gara in ji tun kafin a kunna a gaban jama'a. Ya sa mini abin ji a kunne. Ga Baba Nomau a kan tabarma, ƙashi da fata, amma hankalinsa garau. Abin da ya faɗa yana kaina har yau, ba harafin da ya zube.

"Shekarar da kurkunu ya kwantar da Audu, damina guda bai taka gona ba. Jatau ne ya nome masa, noman fari da maimai, ya girbe ya kai masa har rumbu, bai karɓi ko dami ɗaya ba. Da Audu ya miƙe, ya kama hannun Jatau a gindin ɗorawar nan, ina tsaye, liman na tsaye. Ya ce itacen nan da ƙasar da ke ƙarƙashinsa, taki goma sha biyu kowace fuska, na ba ka kai da zuriyarka. Duk wanda ya taɓa shi a cikin 'ya'yana, ban yafe ba."

Audu ubana ne, kakanku. Na tuna shekarar sarai, ina ɗan shekara shida ko bakwai, na tuna ƙafarsa a kumbure da tsinken da ake naɗe tsutsar a jiki. Geron da ya raya ni a wannan shekara Jatau ne ya noma shi. Da ni mutumin kirki ne, a nan bayan rumfar zan ce Alhamdu lillahi da aka tare ni kafin in sa gatari. Amma abin da ya zo mini shi ne fuskokin mutanen ƙofar dagaci, da rantsuwata, da yadda za a ce magatakarda ya haƙa rami da allunansa ya faɗa. Tukur ya dafa kafaɗata.

"Haruna, ba abin kunya ba ne. Ba ka sani ba. Ka je wajen Mairo da kanka kafin ranar zama, sai maganar ta mutu a gida."

Na ce to. Ya ce shi zai wuce ta'aziyyar surukarsa, kwana uku zai yi, ranar da ya dawo zai kawo allon ofis ya sauke. Muka yi sallama, har na saya masa goro.

Daga kasuwa ban je gida ba, ofis na wuce. La'asar sakaliya, injin niƙa na ta ƙara. Na buɗe Makiyayi, ga alluna takwas a jere, bakwai kore suna gida, na biyar toka-toka yana nesa. Na danna shi, na danna jan layin. Abin ya tambaye ni da Hausar 'yata: Ka tabbata wannan allo ya ɓata? Na ce e. Ya sake tambaya: Duk abin da ke cikinsa zai goge, ba zai dawo ba. A ci gaba? Na sa lambar sirri na ce a ci gaba. Sai wani layi ruwan ɗorawa ya fito a gefen lamba biyar, an rubuta: Umarni yana jira.

Wannan jiran shi ne abin da ba zan iya yi wa kaina uzuri a kai ba. Da a take abin ya goge, sai in ce shaiɗan ne, zuciya ce, minti ɗaya ne. A'a. Kwana uku cur Allah Ya ba ni. Na yi salla goma sha uku a tsakani, wasu ma a sahun gaba. Kowace safiya sai na je ofis na buɗe na kalli layin nan na rufe. Innarku ta ga ba na cin abinci, ta tambaye ni ko zazzaɓi ne, na ce ta bar ni in ji da abin da ya dame ni. A rana ta biyu Mairo ta aiko da daddawa kamar yadda ta saba, ƙulli uku a cikin ganye, duk da muna gaban dagaci da ita. Innarku ta kawo ta ajiye a gabana. Da azahar ɗin ranar na kira Hauwa a waya, na yi ta kewaye-kewaye, na tambayi aiki, na tambayi maigidanta, sannan na ce,

"Wai ni kam, in mutum ya ba Makiyayi umarni, ana iya janyewa?"

"Sosai ma, Baba. Muddin allon bai iso ba. Ka danna layin da ke jira, za ka ga Soke. Dannawa ɗaya ce. Wani abu ya faru ne?"

"A'a, tambaya dai nake don sani."

Ta ce to Baba, a gaida Inna. Na je ofis, na danna layin, na ga kalmar Soke da idona, na ɗora yatsa a kai. Sai na ji muryar wani a waje yana cewa ina magatakarda, mai maganin ƙarya. Wasa yake yi, taki ya zo tambaya. Na ɗauke yatsana na rufe kwamfutar.

Rana ta uku da hantsi ina zaune a kan benci a ƙofar ofis na hango Tukur a kan kekensa, jakar na rataye a wuya. Ko a lokacin da na tashi na shiga ciki da na riga shi. Ko in ɗaga hannu in ce tsaya nan, kada ka matso. Ban motsa ba. Ina kallo ya wuce masallaci, ya wuce injin niƙa, ya iso gindin darbejiya ya jingine keke. Ya ciro allon ya kunna yana tahowa yana mini sallama. Sai ya tsaya cak. Ya daɗe yana kallon allon. Ya ɗago ya dube ni, ya sake duban allon. Da ya ƙaraso ya miƙo mini, fuskar allon fari fat, kamar ranar da Hauwa ta gama wanke shi.

"Haruna, babu komai a ciki."

Ni kuwa na zabura na hau salati, na ce me ka taɓa, Tukur? Me ka danna? Na ɗaga murya yadda masu jiran niƙa za su ji. Ya ce bari ya koma Bagwai gobe da wani allon. Washegari kafin ya sami mota saƙo ya iso cewa Baba Nomau ya rasu da asuba. Na ce Inna lillahi, kuma ku ji abin da ban taɓa gaya wa kowa ba: a ƙasan zuciyata sauƙi na ji.

Ranar zama Tukur ya tashi ya faɗi abin da tsohon ya ce, bai rage ba bai ƙara ba. Dagaci ya ce shaida ɗaya ce, kuma ji ya yi daga wani, 'yar Baba Nomau kuwa tana wajen girki lokacin da aka ɗauka. Ya juyo gare ni ya ce ko na ji maganar nan a allo kafin ta goge? Na ce ban ji ba. Ban tsaya nan ba. Na ce, ranka ya daɗe, mutumin da ya kasa riƙe allo kwana uku, Tukur ɓata-allo, shi za a yarda ya riƙe magana? Aka yi dariya. Tukur ya sunkuyar da kai yana murza hularsa. Dagaci ya ce itace na cikin layin gambar Haruna, babu hujjar da ta fitar da shi. Mairo ta tashi ta gyara mayafi, ta ce Allah Yana gani, ta tafi. Ko kuka ba ta yi ba.

Kafin ruwan farko na kira masu gatari. Yini biyu suka yi a kanta. Na sa aka kwaso itacen a amalanke aka jibge a bayan gida, na ce wa Innarku ga makamashin shekara biyu. Ta leƙa ta dawo.

"Ba a tukunyata ba."

Haka ta ci gaba da girki da kara da kashin shanu, itacen na nan jibge har gara ta cinye shi. Kun sha tambaya me ya sa ba a taɓa tulin nan, ana ce muku akwai maciji. Gyaɗar da na shuka a wajen ta yi kyau, ba zan yi muku ƙarya in ce ba ta yi ba. Mairo ta koma sayen kalwa a kasuwar Ɗanbatta, abin da take samu ya ragu ƙwarai, ƙaramin ɗanta ya bar makaranta ya tafi birni dako. Tukur ya ajiye aikin ƙungiya. Tsofaffi suka daina yarda a ɗauki muryarsu, suka ce abin da ke gogewa da kansa ina amfaninsa. Cikin shekara biyu alluna suka koma akwati, tsofaffi biyar suka mutu da iyakokinsu a ka.

Da Sallar shekarar da na sare itacen Hauwa ta zo, ta shiga ofis don ta sabunta Makiyayi kamar yadda ta saba. Ni na manta, ko in ce ban taɓa sani ba, cewa abin yana rubuta duk umarnin da aka ba shi, da wanda ya bayar, da lokacin. Ta daɗe a ciki. Da ta fito idonta ya yi ja. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as, na yi sauri na ce ƙura ce ta shiga idonki? Ta ce e, Baba. Daga ranar ba ta ƙara yi mini wasan da ta saba ba. Tana gaishe ni a durƙushe, tana aiko mini da magani da shadda, amma in na kama ba da labarin gaskiya da amana a gaban jikoki sai ta tashi ta shiga wajen Innarta. Shekara tara muna haka.

Bara ne ciwon nan ya kwantar da ni, har kuka taru. Tukur ya zo dubiya, ya zauna a bakin gado kamar ba abin da ya taɓa shiga tsakaninmu. Na sa aka fita aka bar mu. Na kama hannunsa na ce, Tukur, akwai abin da ban gaya maka ba a kan allo mai lamba biyar. Ya ce,

"Na sani."

"Me ka sani?"

"A gindin darbejiya, kafin ya yi fari, rubutu ya fito. Da Hausa, Haruna, 'yarka ta rubuta shi yadda kowa zai gane. An goge wannan allo bisa umarnin magatakarda. Na karanta sau biyu kafin ya ɓace."

Na ji kamar gadon ya buɗe in shige. Wato lokacin da nake ihu ina cewa me ka danna, ya sani. Lokacin da na sa masa suna a gaban dagaci, ya sani. Na ce, to don me ba ka faɗa ba? Don me ka bari yara suna bin ka da suna shekara tara?

"In na faɗa za ka musa. In ka musa, dagaci zai ce a kira wadda ta haɗa abin ta buɗe ta duba. Ka so in sa Hauwa ta tsaya a gaban gari, ko ta ƙaryata ubanta ko ta yi ƙarya saboda shi? Ni na yi mata huɗuba. Na ce bari in jira ka faɗa da bakinka. Ban zaci za ka sare itacen ba, wallahi ban zata ba. Wannan kam ni ma ina da nawa alhakin, kuma na je na gaya wa Mairo tuntuni."

Ashe ita ma ta sani. Duk daddawar da ta ci gaba da aikowa gidan nan, da kalwar kasuwa, tana sane take aikowa. Na juya fuskata bango na yi kuka irin wanda ban yi ba ko ranar da ubana ya rasu.

Da na samu sauƙi na tashi bayan sallar Juma'a na faɗi komai a gaban mutanen da suka yi dariya, waɗanda suka rage. Wani ma ya ce Malam zauna ya isa, na ce bai isa ba. Daga nan na je da dagaci da Tukur gonar Gabas, muka auna taki goma sha biyu kowace fuska daga kututturen, muka dasa gamba. Na samo dashen ɗorawa na dasa a gefen kututturen, na kewaye shi da ƙaya saboda awaki. Aka kira Mairo, ta zo tana dogara sanda. Na durƙusa a gabanta a cikin gona, ni da furfurata, na ce ta yafe mini. Ta dubi dashen, bai kai gwiwarta ba.

"Malam Haruna, shekara nawa ɗorawa ke yi kafin ta yi 'ya'ya? Kai ne malamin gona."

Na ce takan kai goma, wani lokaci ta fi.

"To. Ni dai nawa na yafe. Na Audu kuwa ba a hannuna yake ba."

Wannan shi ne abin da nake kwana da shi nake tashi da shi. Wanda ya ce bai yafe ba yana ƙasa, ba ni da hanyar da zan durƙusa masa. Don haka ku ji: wajen nan da aka kewaye da gamba ba ya cikin gadonku, na zuriyar Jatau ne, da ƙasar da itacen. Maganar Baba Nomau da na goge ga ta nan a sama na mayar, da hannuna, kuma ni ne shaida na biyu da aka rasa ranar nan. In rani ya yi ba na nan, wani a cikinku ya riƙa kai wa dashen nan ruwa. Hauwa, na san har yanzu kina ajiye da abin da Makiyayi ya rubuta. Kada ki goge. Duk wanda ya yi gardama a cikin ƙannenki, ki buɗe ki nuna masa sunan ubansa.